Yadda Za Ki Raini 'Yan Tsaki Su Tsallake Hunturu

Kaza takan kwanta kwana 21 a kan ƙwai ta ƙyanƙyashe goma, amma kafin wata ya zagayo uku ne ke bin ta. Shirwa ta sure wasu, sanyi da cuta sun kwashe sauran. Mafi yawan asarar nan ana iya tare ta tun daga tsakar gida.

Da farko ki killace uwar da 'ya'yanta a akurki na mako huɗu zuwa shida, kada ta ja su bola ko cikin raɓa. Ki shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa, wanda ba ya wuyar samu a wajejen Kura da Haɗeja, ki riƙa canja shi da zarar ya jiƙe. Da dare ki rufe gefen da iska ke kaɗowa da buhu, amma ki bar kafar shan iska. Idan kika ga tsakin sun cure wuri ɗaya suna ta kuka, sanyi suke ji.

Ruwa kuma a faranti marar zurfi, ki jefa 'yan tsakuwoyi a ciki, domin ɗan tsako yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gaɓar yatsa biyu ba. Ki wanke farantin kullum.

Dusa kaɗai ba ta gina jiki. Ki haɗa musu tsakin gero ko na masara da ɗan ƙuliƙuli da aka daka, ki ƙara gara in kin samu, da yankakken ganyen zogale.

Sai babban lamarin, wato fakat, cutar da likitoci ke kira Niyukasil. Ta fi ɓarna lokacin hunturu. Kaza za ta saki fukafukai, ta yi koren zawo, wuyanta ya murɗe, cikin 'yan kwanaki akurki ya zama wayam. Kafso ja da yalo da muke kwancewa a ruwa ba ya kashe ta, barkono ma haka. Rigakafi ne kawai mafita. Akwai mai suna I-2 da cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi, wanda ya fi sauran jure zafi: ɗigo ɗaya a ido ɗaya, manya da ƙanana, a maimaita duk wata huɗu. Ki nemi ma'aikacin dabbobi na ƙaramar hukumarku tun kaka, kafin sanyi ya sauko. Ku haɗu da maƙwabta, tunda kwalba ɗaya tana isar gidaje da yawa, kuma in an buɗe ta ba a ajiye ta. Kazar da ta riga ta kamu ba a ɗiga mata.

Wadda Maigida ya sayo a kasuwar Wudil ko Maigatari, ko da kyauta aka ba ki, ki ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin naki. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi, kada a jefa ta bayan gida.

Ƙwarƙwata kuma, ki zuba toka da yashi a tsohon kasko su riƙa birgima a ciki.