Yadda Ake Gina Tushe Ɗaya Don Ƙera Kayayyaki Iri-iri

Masana'antar da ke ƙirƙiro sabon samfuri daga farko duk lokacin da kasuwa ta buƙata, takan wayi gari ma'ajiyarta cike da sassa masu kama da juna, kowanne da nasa zanen da nasa mai kawowa. Hanyar fita ita ce a gina tushe ɗaya wanda samfura da yawa za su zauna a kansa.

Da farko, a kwance dukkan samfuran, a jera sassansu gefe da gefe. A nan ne ake ganin noti iri-iri suna aiki ɗaya, bambancinsu bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba.

Mataki na biyu shi ne mafi wuya, kuma a ganina shi ne zuciyar aikin: a raba abin da mai saye yake gani, yake taɓawa, yake biyan kuɗi dominsa, da abin da yake ɓoye a ciki. Na ɓoyen shi ake haɗewa wuri ɗaya, na zahirin kuwa a bar shi ya bambanta. Da kamfanin Volkswagen na Jamus ya fito da tushen motoci mai suna MQB a 2012, ya tsayar da tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da wurin totur da birki, sannan ya bar tsawo da faɗin mota suna canzawa. Shi ya sa Golf da Audi A3 da Škoda Octavia suke kan tushe ɗaya, alhali direba ba ya ɗaukarsu mota ɗaya.

Bayan haka a tsayar da ma'aunin mahaɗar sassa, wato ramukan noti da bakin wayoyi, a rubuta, a hana kowa taɓa shi ba da izini ba.

Kada a gama zanen kaya sannan a tuna da masana'anta; tare ake tsara su, domin layin haɗawa ɗaya ya ɗauki samfura da dama. A kuma jinkirta bambanci zuwa ƙarshen layi, kamar yadda Benetton na Italiya ya riƙa saƙa riguna ba launi, sai an san wanda kasuwa ke so sannan a rina.

Kafin a fara ƙerawa da yawa, a tsananta gwajin sassan tushen fiye da na sauran, domin aibi ɗaya a cikinsu zai bi kowane samfuri zuwa hannun masu saye.