Yadda ake farfasa babbar lamba zuwa firam-firam

Yaran da nake yi wa lesin a Agege sun dame ni da tambayar nan, masu shirin WAEC musamman, to ga ta sau ɗaya. Firam dai lamba ce da ta fi 1, wadda babu mai raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Mu ɗauki 720,720.

1. Duba lambar ƙarshe, in 0, 2, 4, 6 ko 8 ce raba da 2.

2. Ci gaba da rabawa har ta ƙi: 360,360, 180,180, 90,090, 45,045. Sau huɗu kenan.

Hattara, nan ake zubewa, yaro ya raba sau ɗaya ya yi tsalle zuwa 3.

3. Haɗa lambobin: 4+5+0+4+5 = 18, tunda 3 na raba 18 to tana raba 45,045. 15,015, sai 5,005.

4. Ƙarshenta 5 ne, raba da 5: 1,001.

5. Gwada 7: 143.

6. Gwada 11: 13. Ita 13 firam ce, nan za ka tsaya. Kar ka ɓata lokaci da 9, ba firam ba ce, 1 ma haka.

7. Ninka su duka a kalkuleta: 2×2×2×2×3×3×5×7×11×13. In bai dawo 720,720 ba ka koma ka duba inda ka yi kuskure.