Kurakuran da ake yi wajen zaɓen kanbas na buga zanen sayarwa

Duk wanda ke son buga zanensa a kan kanbas ya sayar, ko hoton hawan daushe ne, ko zayyanar ayoyi, ko zanen ƙofar gari, abin da zai fara sani shi ne irin tawadar injin da za a buga masa da shi. A nan mutane da yawa ke yin asara tun ba a fara aiki ba. Mutum zai shiga shago, ya taɓa yadi ya ji kauri, ya ga fari tas, ya biya kuɗin bandir guda, sai ya kai wurin bugawa a ce masa wannan ba na injinmu ba ne.

Dalili kuwa shi ne, tawada ba a jikin zaren take zama ba. Akwai wani shafe da kamfani ke yi wa fuskar yadin, shi ke karɓar tawada, kuma kowane shafe da irin tawadar da aka yi shi dominta. Injinan buga hoto irin su Epson SureColor P da Canon imagePROGRAF PRO da HP DesignJet Z suna aiki da tawada mai ruwa, suna buƙatar shafe mai tsotsewa. Injinan da ake buga bana da sitika da su, irin su Roland da Mimaki da Mutoh da na China masu kan firinta samfurin XP600 ko DX5, galibinsu tawadar eko-solbent suke sha, wadda ba da ruwa ake haɗa ta ba. Ka sa kanbas na solbent a injin tawadar ruwa, tawadar za ta kwanta a sama ta ƙi bushewa, yatsa na taɓawa ta goge. Ka yi akasin haka, wataƙila hoton ya fito, amma ka biya kuɗin shafen da bai amfane ka da komai ba. Saboda haka ka fara zuwa wurin mai injin, ka karanta sunan injin da idonka, ka tambaye shi tawadarsa, sannan ka duba takardar da ke jikin kwalin kanbas. Akwai kanbas masu karɓar tawadar solbent da ta latas da ta UV gaba ɗaya, kuma ana rubutawa a jiki.

Ko a cikin tawadar ruwan ma akwai iri biyu. Ta rini tana da sheƙi da araha, sai dai haske na cinye ta da wuri. Ta figment ƙananan ƙwayoyin launi ne da ke zama a cikin shafen, ita ce ke daɗewa. Zanen da za a karɓi kuɗin mutum a kansa, ya rataye a falonsa shekara da shekaru, bai kamata a buga shi da tawadar rini ba.

Kuskure na gaba shi ne ɗauka cewa nauyi shi ne inganci. Ana auna kanbas da giram a kowace murabba'in mita, kuma na zane yawanci yana tsakanin 300 da 450. Wanda ya gaza haka sosai sai ka ga haske na ratsa shi, ya yi laƙwas a jikin firam. Amma yadi biyu na iya zama giram 380, ɗaya ya yi kyau ɗaya ya ba ka kunya, domin zarensu da shafensu ba ɗaya ba ne. Na auduga zalla yana da saƙa mai fitowa, yana ba hoto kamannin zanen fenti na hannu, yana kuma miƙuwa da daɗi a hannun mai ɗaurawa. Na foliyesta ya fi araha, saƙarsa sumul take, bai damu da laima ba, amma yakan yi ƙyallin roba. Gaurayen biyun shi ne abin da zan ba mai farawa shawara a kai.

Zaɓin saƙa kuwa ya danganta da zanen. Hoton dawakai da lifidi da ƙurar fili yana ɗaukar saƙa mai kaushi, har ƙara masa kyau take yi. Zayyana mai ƙananan wasula da ɗigo, ko hoton fuskar amarya, saƙa mai kaushi na kakkarya musu layi, sai ka ga rubutun kamar ya yi tsaga-tsaga. Irin wannan a nema masa mai laushin saƙa.

Sai maganar fari. Ido na son yadin da ya yi fari fat, kuma masu sayarwa sun san da haka. Sau da yawa wannan farin na wani sinadari ne da ake sawa, wanda ke karɓar hasken UV ya mayar da shi shuɗi-shuɗi, ido ya ga kamar fari ya ƙaru. Sinadarin yana mutuwa a hankali, idan ya mutu yadin ya koma launinsa na asali mai ɗan rawaya, launukan zanen duka su sauya. Gane shi ba wuya. Ɗauki fitilar nan da ake duba kuɗin jabu da ita, ka haska yadin a cikin duhu. Idan ya yi walƙiyar shuɗi, akwai sinadarin. Wannan ba laifi ba ne ga hoton ado mai sauƙin kuɗi, amma aikin da za ka sa wa hannu da lamba ka ce guda kaza kawai aka buga, nemi wanda aka rubuta babu OBA a jikinsa, wato sunan sinadarin a taƙaice. Kamfanoni irin su Hahnemühle na Jamus da Canson na Faransa da Breathing Color na Amurka suna bayyana wannan a takardar kayansu.

Faɗin bandir ma na cin kuɗin mutane. Ana samun inci 17, 24, 36, 44 da 60. Mai zane zai ce hotona inci 24 ne, bari in sayi bandir mai inci 24, ya manta da abin da za a naɗe a gefen katako. Idan kaurin firam inci ɗaya da rabi ne, kana buƙatar wannan, da ƙarin kamar inci ɗaya da za a ja zuwa baya a buga masa sitefila. Inci biyu da rabi ke nan kowane gefe, biyar gaba ɗaya. Bandir mai inci 24 ba zai ba ka fuskar da ta wuce inci 19 ba. Hoto mai 24 da 36 yana son yadi mai 29 da 41, wato sai bandir mai inci 36. Ka duba kuma bututun kwalin da ke tsakiya, akwai mai inci 2 akwai mai inci 3, kada ya ƙi shiga sandar injin. Wajen kwatanta farashi kuma a lissafa da murabba'in mita, tunda wani bandir mita 12 ne, wani 18, wani 30.

Gwajin da ya fi kowane muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa, shi ne na kusurwa. Ka nemi ɗan yanki kafin ka sayi bandir, ko da saya za ka yi. A buga masa launi mai duhu, baƙi ko shuɗi mai kauri, ka bar shi ya kwana, sannan ka naɗe shi a kan kusurwar katako ka ja da ƙarfi kamar yadda za a ɗaura shi. Kanbas maras kyau nan take za ka ga wani siririn farin layi ya bayyana a kan lanƙwasar, shafen ya tsage, wani lokaci har ya ɓarɓashe a yatsanka kamar busasshen kwaɓin fulawa. Wanda ya yi haka a gwaji, haka zai yi a kowane firam da za ka haɗa. Ka ɗiga masa ruwa kuma, ka goga da yatsa ka gani.

Gwajin ruwan yana da dalili. Aikin tawadar ruwa yana buƙatar banish a kansa, domin ya kare shi daga karce da datti, ya kuma rage tsagewar kusurwa. Amma idan kanbas ɗin ba mai jure ruwa ba ne, ka shafa masa banish mai ruwa da rola, tawadar za ta bi rolar ta dame. Mai jure ruwan ma a ba shi awa 24 bayan bugawa, a shafa siriri sau biyu, ya bushe sarai, sannan a ɗaura. Gaggawar kwastoma na jira ita ke sa a shafa da zafi-zafi, a ƙarshe a sake bugawa daga aljihu.

Wani lokaci yadin ba shi da laifi, saitin injin ne. Kowane kanbas na kirki yana da furofayil ɗin launi na ICC, wato fayil ɗin da ke daidaita launi tsakanin injin da yadin, da kamfaninsa ke bayarwa don injina daban-daban, a sauke shi a yi aiki da shi. Kanbas maras sheƙi yana son baƙar tawadar da aka yi don maras sheƙi, in ba haka ba baƙin zai fito toka-toka. A ɗaga kan firinta sama kaɗan saboda kaurin yadi, don kada ya goge hoton yana tafiya. Hoton da aka turo ta WhatsApp kuma an riga an matse shi, babu kanbas ɗin da zai gyara shi. A turo shi a matsayin fayil, ya kai aƙalla ɗigo 150 a kowane inci a girman da za a buga.

Yanayinmu ma sai an yi la'akari da shi. Da hunturu iska na bushewa ƙwarai, ga ƙura. Ƙwayar ƙura ɗaya ta zauna a kan yadi kafin tawada ta sauka, daga baya ta faɗi, ta bar farin ɗigo a tsakiyar sararin sama ko a goshin mutum. Bandir ya zauna a ledarsa har lokacin aiki, a mayar da shi da an gama. Da damina kuma auduga na shan laima, katako na kumbura, abin da aka ɗaura tsam a watan Janairu sai ka tarar ya saki a Agusta, balle idan Legas ko Fatakwal aka kai shi. Ka sa kafinta ya yi firam da busasshen katako, ya ɗan fafe fuskarsa ta ciki yadda yadin ba zai kwanta a kansa ba, idan ba haka ba shatin katakon zai fito a jikin hoton. Idan kuma aikawa za ka yi ba tare da firam ba, naɗe shi hoton na kallon waje, a kan bututu mai faɗi, da takarda mai laushi a tsakani.