Idan manhajar sa ido ta daina jin getwe: kurakuran da aka fi yi

A Damagaram, inda zafin Afrilu kan haura digiri 40, na sha ganin ma'aikaci ya hau tankin ruwa da tsakar rana don ya kwance ma'aunin da lafiyarsa lau. Allo ya nuna babu haɗi, sai ya ɗora wa ma'auni laifi. Abin yana ba ni takaici, don ma'aunai ba da kwamfuta suke magana ba. Da akwatin da ake kira getwe suke yi ta iska, shi kuma ya miƙa wa kwamfuta ta kabil. Ka fara daga inda kake zaune: fitilar bakin kabil tana ƙyaftawa? Ka aika ping, wato ɗan saƙon gwaji, zuwa adireshin getwe, ka ga ko zai amsa.

In ya yi shiru, galibi adireshi ne. Getwe yana 192.168.1.10, kwamfutarka tana 192.168.0.25, iyakar rezo (subnet mask) kuma 255.255.255.0: unguwarsu daban, ba za su gaisa ba. Daidaita lambobi uku na farko.

Wanda ya fi wahalar da mu a nan shi ne barin getwe kan DHCP, wato tsarin da ruta ke raba adireshi da kansa. Wuta ta ɗauke, ta dawo, ruta ya ba shi sabon adireshi, manhaja kuma tana ta sallama a tsohon gida. Sai ka ji ana cewa jiya fa yana aiki. Ka ba shi adireshi tsayayye, ka rubuta a takarda ka liƙa cikin murfin akwatin, saboda wanda zai karɓe ka aiki gobe.

Ping ya amsa amma babu awo? Duba ƙofa. Modbus TCP, yaren da getwe ke magana da manhaja, ta ƙofa (port) mai lamba 502 yake bi, kuma katangar tsaron kwamfuta ko ta rezo kan tare ta. Kada ka rushe katangar gaba ɗaya, ƙofar kawai za ka buɗe. Ka tabbatar Unit ID, wato lambar shaidar na'ura a Modbus, ɗaya ne a getwe da manhaja.

Wani lokaci awo yana zuwa, amma shirme ne. Rajista ita ce gurbin da ake ajiye awo: wadda takardar bayanin getwe ta kira 40001, wata manhajar 0 take kiranta. Gocewar ɗaya ta isa ta lalata komai. Lamba mai ɗigo kuma rajista biyu take ci, in an juya jerinsu sai zafin injin ya fito da miliyoyi.

Sai bayan duk wannan za ka waiwayi iska. WirelessHART, tsarin rediyon da ma'aunai ke magana da getwe, a 2.4 GHz yake, kuma eriyar da aka kulle cikin kwantena ko ɗakin kwano ba ta jin komai. Fito da ita sama. Sabon ma'auni ba zai shiga ba sai Network ID (lambar rezon iska) da Join Key (mabuɗin sirrin shiga) ɗinsa sun dace da na getwe. In ka sake kunna getwe, don Allah ka yi haƙuri: ma'aunan batir a hankali suke komowa, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk kashewar da ka ƙara, daga farko za su soma.