Darasi na 9: Renon Tagwaye Bakwaini a Gida da Kula da Yayarsu

Cikin mace yakan kai mako 40, wato wata tara da 'yan kwanaki. Duk jaririn da aka haifa kafin mako 37 ya cika bakwaini ne, ko a wata na bakwai ya zo ko a na takwas. Tagwaye sun fi saurin zuwa da wuri. Fiye da rabinsu ba sa kai mako 37, kuma da yawansu nauyinsu ba ya kai kilo biyu da rabi.

Wasu na cewa ɗan wata bakwai yana rayuwa, ɗan wata takwas ba ya yi. Wannan magana ba ta da tushe. Kowane mako da jariri ya ƙara a cikin uwarsa, huhunsa da sauran jikinsa ƙwari suke ƙarawa.

Darasin yau ya fara ne daga ranar da aka sallamo mai jego daga asibiti. Ga Hassan, ga Usaini, kowanne bai fi a ɗauke shi a tafin hannu biyu ba. Ga kuma yayarsu 'yar shekara uku tana riƙe da gefen zanen uwarta. Uwa ɗaya ba za ta iya wannan aiki ita kaɗai ba. Dole gida ya raba shi.

Ɗumi

Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, fatarsa kuma siririya ce. Ko da bazara zai iya yin sanyi idan ya jiƙe ko iska ta buge shi, balle da hunturu. Sanyin ba ya sa shi kuka. Lafewa yake yi, ya ƙi nono, ya daina ƙara nauyi.

Ku riƙa taɓa tafin ƙafarsa da bayan hannunku. Idan ƙafar ta yi sanyi, yana bukatar ɗumi nan take. In kuna da ma'aunin zafi, ku sa a hammatarsa. Daidai shi ne daga digiri 36.5 zuwa 37.5.

A asibiti ana sa bakwaini a kwalba, wato akwatin da ke ɗumama jariri. A gida, ƙirjin mutum ne kwalbar. Ana kiran wannan hanya renon kangaru, da sunan wata dabba ta ƙasar Ostireliya mai ɗaukar ɗanta a wata jaka da ke cikinta. Wani likita mai suna Edgar Rey ne ya fara ta a 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, lokacin da kwalabe suka yi wa asibitinsu kaɗan. An yi babban gwaji a kanta a ƙasashe biyar, har da Najeriya da Ghana, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara ta tun daga haihuwa, a riƙa yi awa 8 zuwa 24 a kowace rana.

Ga yadda ake yi. A cire wa jariri kaya, a bar masa kunzugu da hula da safa. A ɗora shi a tsaye a ƙirjin uwa, fatarsa na taɓa fatarta, babu riga a tsakani. A juya kansa gefe, haɓarsa ta ɗan ɗago don ya sami hanyar numfashi. Ƙafafunsa a naɗe, a buɗe. A ɗaure shi da zane ko majanyi, bakin zanen ya tsaya a ƙasan kunnensa. Sai uwa ta sa riga mai faɗi a kai. In za ta yi barci, ta jingina da matasai, kada ta kwanta shame-shame.

Tagwaye ƙanana za su iya shiga ƙirji ɗaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Amma uwa za ta yi wanka, za ta yi salla, za ta ci abinci, kuma bayanta zai gaji. A nan ake bukatar ƙirji na biyu da na uku: kaka, ƙanwar uwa, abokiyar zama in akwai jituwa, da kuma uba.

Na san wani zai ce goyo ba aikin namiji ba ne. To, ba goyon baya aka ce ya yi ya fita kasuwa ba. Bayan sallar isha'i ya zauna a ɗakinsa, ya ɗora ɗansa a ƙirji na awa biyu yana sauraron rediyo. Ɗumin jikinsa da na uwar duk ɗaya ne a wurin jariri. Sharaɗi kawai, ya zama ya wanke jikinsa, ba ya mura ko tari, kuma ba ya warin taba.

Ana ci gaba da wannan reno har jariri ya fara mutsu-mutsu yana ƙin zama. Yawanci hakan na zuwa ne idan ya kai kilo biyu da rabi, ko lokacin da ya kamata a ce an haife shi ya yi.

Kada a rufe ɗaki da kaskon gawayi a ciki. Garwashi na fitar da iska mai guba wadda ba a jin warinta, tana kashe manya ma. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa su ma a fitar da su, domin huhun bakwaini bai gama ƙwari ba. Gidan sauro ya wadatar.

Nono

Dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin ɗorawa, ba datti ba ne. Shi ne rigakafin farko na jariri, kada a zubar.

Bakwaini na saurin gajiya da tsotso, wani ma bai iya ba tukuna. Kada a jira ya yi kuka. A tashe shi a ba shi duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana. Wanda bai iya kama nono ba, uwa ta wanke hannu ta tatsa a ƙaramin kofi da aka tafasa. A ɗan tayar da shi zaune, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa leɓen. Shi zai lasa da kansa. Kada a ɗura masa, zai iya shaƙewa. Nonon da aka tatsa a rufe shi, kada ya wuce awa huɗu a ɗaki.

Tambayar da kowace uwar biyu ke yi ita ce: nonon zai ishe su kuwa? Yana isa ga yawancin mata, domin yawan tsotso da tatsa ne ke kawo ruwan nono. Alamar jariri na ƙoshi ita ce yana fitsari sau shida ko fiye a rana, kuma nauyinsa na hawa a wurin awo.

Ga inda karatunku zai yi rana. Da tsakar dare, ga gajiya, uwa na iya ba Hassan nono sau biyu ta tsallake Usaini, musamman in Usainin ne mai yawan barci. Haka ake ba ɗaya magani sau biyu. A sa musu hula launi daban. A ɗauki littafi a ja layi a tsakiyar shafi, a rubuta H a gefe ɗaya, U a ɗaya gefen. Duk wanda ya sha nono ko magani, a rubuta lokacin a ƙasan harafinsa. Ranar komawa asibiti a tafi da littafin.

Karatu: a ɗakin awo

Kaka ta ce, "Malama, zafin nan ya yi yawa. Ba za a ɗan ɗiga musu ruwa ba? Mu da ruwa da zuma muka reni namu."

Malamar asibiti ta ce, "Iya, Allah Ya ƙara girma. Ruwan da suke bukata yana cikin nonon. Cikinsu ƙarami ne, in ruwa ya cika shi babu wurin nono. Zuma kuwa sai sun shekara. Ruwan ki ba uwarsu, ta sha ta ƙoshi."

Kaka ta ce, "To wankan fa? Yaro ba wanka?"

"A goge su da tsumma mai ɗumi, Iya, gaɓa-gaɓa, a tsane nan da nan. Wankan baho sai sun yi ƙwari. Ke za ki fi kowa iya wannan."

Barka da suna

Haihuwar tagwaye na tara jama'a. Kowa na son ya ɗauka ya yi addu'a. Amma murar da ba ta hana babba zuwa gona tana iya kwantar da bakwaini a asibiti. A yanka rago, a raɗa suna, a raba goro, jariran su zauna a ɗaki. Mai son gani ya leƙa daga bakin ƙofa. Wannan magana uban yara da kaka ne za su faɗa wa baƙi, kada a bar wa mai jego, domin ita kunya za ta hana ta.

Duk wanda zai taɓa su ya wanke hannu da sabulu. Cibiya ba ta bukatar a gasa ta, ko a sa mata toka, ko man goge baki. A shafa mata maganin cibiya na chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, kuma kada ya kusanci ido. Kada a kai su a cire musu beli ko a yi musu tsaga. Kayansu kuma kada a ajiye su da kafur, domin yana jawo wa wasu jarirai shawara mai tsanani.

Ita ma mai jego a duba ta. Ta ci abin da gida ke da shi mai gina jiki: wake, ƙwai, kifi, zogale, kunun gyaɗa. Kunun kanwa kam a rage. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego da ke shan kanwa da yawa tare da wankan ruwa mai tsananin zafi. In ƙafafunta sun kumbura ko tana haki, a kai ta asibiti.

Yayarsu

A duk wannan hidima akwai wadda ake mantawa. Jiya ita ce 'yar lele. Yau uwarta ta yi makonni a asibiti, ta dawo da wasu mutum biyu manne a ƙirjinta dare da rana. Baƙi na shigowa suna wuce ta. Abin da take ji kawai shi ne "matsa can" da "kar ki taɓa".

Don haka kada ku yi mamaki in ta koma fitsarin kwance, ko ta ce sai an goya ta, ko ta nemi nonon da aka daɗe da yaye ta, ko ta mintsini ɗan biyu in ba a gani. Ba mugunta ba ce, tsoro take ji an karɓe mata uwa. Duka ba ya gyara wannan, ƙara mata haushin ƙannen yake yi. Haka tsokanar da manya ke yi, "an yi miki ƙanne, an daina yayinki", wasa ne a wurinsu, ita kuwa gaskiya take ɗauka.

In ita ce 'yar fari, abin ya fi wuya, domin a gidaje da yawa uwa na kunyar ɗan fari, ba ta ko kiran sunansa a gaban mutane. Ban ce a yar da kunya ba. Amma a cikin ɗaki, inda babu surukai, uwa ta jawo 'yarta jiki. Idan uba ko kaka sun karɓi tagwaye, ta ware ko da minti goma na yarinyar ita kaɗai: ta yi mata tatsuniya, ta taje mata kai, su ci abinci kwano ɗaya. Uba ma ya riƙa fita da ita in zai je shago.

A ba ta aikin da ya yi daidai da ita. Ta miƙo kunzugu, ta zaɓi hular Hassan, ta zo ta faɗa in Usaini ya farka. A yaba mata a gaban mutane. Amma kada a ba ta ɗauka ko goyo, kada kuma a bar ta ita kaɗai da su ko na ɗan lokaci.

Wasu na tura babba gidan kaka. In babu mai taimako ko kaɗan, ba laifi, amma a gaya mata ranar da za ta dawo, kuma a cika alkawari. In ta fara makarantar allo ko islamiyya, ita ce mai kwaso mura. Ta saba da wanke hannu da ta shigo gida. In tana tari, ta kwana wurin kaka har ta warke, a kuma yi mata bayanin dalili. A duba katinta a tabbatar rigakafinta ya cika.

Abin da ba ya jiran gari ya waye

A tafi asibiti nan take in jariri ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya saki ba ya motsi sai an taɓa shi, ko yana jijjiga. Haka in numfashinsa ya kai 60 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko numfashin na ɗaukewa leɓensa ya yi shuɗi. Haka in jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyin da awa ɗaya a ƙirji bai kore shi ba, ko tafin hannu da na ƙafa sun yi ɗorawa, ko cibiya ta yi ja tana wari. A tafi da shi ɗaure a ƙirji, a ɗauki ɗan'uwansa ma. Tun yau uba ya rubuta lambar wayar mai mota ko mai keken da zai amsa kira da dare, ya kuma ware kuɗin mota da ba a taɓawa.

Lissafin watanni

Bakwaini na da lissafi biyu. Rigakafi ana ƙirga shi daga ranar haihuwa kamar na kowa: mako 6, mako 10, mako 14, sannan wata 9. Ƙanƙantarsa ba dalilin jinkiri ba ce, shi ya fi ma bukata.

Amma wajen zama da rarrafe da tafiya, sai a cire makonnin da ya riga lokacinsa. Wanda aka haifa a mako 32 ya zo da wuri da mako 8, wato wata 2. Idan ya kai wata 6, abin da ɗan wata 4 ke yi za a nema a wurinsa. Ana wannan ragi har ya shekara biyu. Su kansu tagwayen kada a riƙa gwada su da juna, ɗaya na iya riga ɗaya da makonni.

Aiki

1. An haifi tagwaye a mako 34. Da mako nawa suka riga lokacinsu?
2. Jariri ya sha nono da ƙarfe 7 na safe. Ana ba shi duk bayan awa 3. Rubuta lokutan sha huɗu na gaba.
3. Ja layi a littafinka, ka rubuta H da U, ka cike jadawalin yini ɗaya.
4. Rubuta mutum uku a gidanku da za su iya karɓar jariri a ƙirji, da lokacin da kowanne ya fi samun sarari.
5. Ku tattauna a aji: da waɗanne kalmomi za a hana 'yan barka ɗaukar jariri ba tare da an ɓata musu rai ba?