Yadda Ake Kula da Na'urorin Tace Hayaƙi Don Kada Motar Gas Ta Ƙara Shan Mai

Injin gas, wato dizal, ya fi tattalin mai idan wutar da ke cikinsa ta yi zafi sosai, amma wannan zafin ne kuma ke haifar da iskar da ake kira NOx, wadda ke cutar da huhu. Don haka motocin gwanjo da aka ƙera wa kasuwar Turai, musamman daga 2009 da dokar rage gubar hayaƙin mota ta Euro 5 ta fara aiki, suke zuwa mana Kaduna da na'urorin da ke rage gubar hayaƙi. Idan suna da lafiya, man da suke ƙarawa kaɗan ne. Sai sun toshe ne aljihu yake ji a jikinsa.

Ka fara da bawul ɗin EGR, wanda ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙonewa. Aikin nan yana tara kunkunniya, kuma idan bawul ɗin ya maƙale a buɗe mota takan rasa ƙarfi, ta riƙa tuƙo baƙin hayaƙi. A sa bakanike ya kwance shi ya wanke, sannan a yawaita duba matatar iska a lokacin hunturu, domin inji da ba ya samun isasshiyar iska ya fi yin kunkunniya.

Matatar DPF da ke jikin salansa ita ce ta fi bukatar fahimta. Tana kama kunkunniya, kuma idan ta fara cika, kwamfutar motar takan ƙara fesa mai har zafin salansa ya kai kimanin digiri 600, ta ƙone abin da ya taru. Matsalar ita ce motar da ba ta wuce zirga-zirga tsakanin Kawo da Kasuwar Bacci, tana tsayawa a cunkoso ko a bar ta a sulo, ba ta samun damar kammala ƙonawar. Sai ta fara, a kashe ta, gobe ta sake farawa, kowane karo da asarar mai. Idan ka ji fanka tana ta gudu, sulo ya ɗan ɗaga, kuma wani ƙauri yana tasowa daga ƙarƙashin mota, to tana kan aikin ne, kada ka kashe ta. Idan fitilar DPF ta kama, ka hau hanyar Zariya ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 ba tsayawa. Ka kuma riƙa zaro sandar awon baƙin mai, domin idan ya haura alama maimakon ya ragu, gas ne yake gangarawa cikinsa. Wajen juye, a nemi mai marar yawan toka, mai alamar ACEA C, saboda toka ba ta ƙonewa, kuma a guji gas ɗin jarka wanda ba a san asalinsa ba.

Motocin da ke da SCR kuwa, wato na'urar da ke rage NOx a cikin salansa, suna shan ruwan AdBlue, wanda kashi 32.5 cikin ɗari na sinadarin yuriya ne, sauran kuma tataccen ruwa. Na'urar tana gyara hayaƙi ne bayan ya fita daga inji, shi ya sa ake iya saita injin ya yi tattali. Kada a haɗa ruwan da takin gona, kada a ajiye shi a rana, kada kuma a bari ya ƙare, don motar za ta rage ƙarfi ko ta ƙi tashi.

Wasu za su ce maka a fasa matatar a huta. Ban goyi bayan haka ba, domin hayaƙin nan a hancin 'yan makaranta da masu talla a bakin titi yake ƙarewa, kuma sau da yawa ainihin laifin na nozul ɗin fesa mai ne ko na'urar auna iska, wanda zai ci gaba da shan mai bayan an fasa. Kafin a taɓa komai, a jona kwamfutar bincike a karanta matsalar, sannan ka cika tanki, ka rubuta kilomita, ka kwatanta lissafin kafin gyara da bayansa.