Yadda Ake Yi Wa Tafkin Gona Ɗamarar Ciyawa

Manomin masara a ƙasar Zazzau, daga Giwa har Soba, ba ya wasa da taki, kuma zubi na biyu na yuriya yakan faɗo ne a cikin Yuli ko farkon Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama. Abin da masara ba ta sha ba, ruwan sama ne yake kwashe shi zuwa tafki ko kududdufin da ke gangaren gonar. Sinadarin naitirojin narkewa yake yi ya bi ruwa, shi kuwa fosfaras manne wa ƙasa yake yi, saboda haka jan ruwan nan da ake gani yana malala daga kwarin kunya bayan an ɗauke ruwa, da taki yake tafe. Idan ya taru a tafki sai gansakuka da kainuwa su yi yabanya, ruwan ya koma kore, in suka mutu suka fara ruɓewa kuma sai su cinye iskar da kifi yake shaƙa. Wanda ya sammako bayan sallar asuba zai tarar da karfasa ta taso saman ruwa tana buɗe baki, ita ce kuma take fara mutuwa, domin tarwaɗa tana iya shaƙar iskar sarari.

Maganin da ya fi araha shi ne a bar wani zirin fili tsakanin kunyar ƙarshe da bakin ruwa, a cika shi da ciyawa mai daɗewa, ba a nome shi, ba a zuba masa taki ko maganin feshi. Ciyawar tana rage gudun ruwa har laka ta kwanta, ruwan ya nutse, saiwoyi su zuƙe abin da ya narke. Awon yana farawa ne daga inda ruwa yake kaiwa a cikar Agusta, ba daga inda ya ja baya da rani ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. A fili mai sauƙin gangara, mita 5 zuwa 10 ya isa a fara da shi, amma inda gangaren ya yi tsanani sai a ƙara, musamman ta ɓangaren da ruwan gona yake shigowa.

A gefen da ke kallon gona, a dasa jema a jere, a gicciye wa gangare, da tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe, bayan an datse ganyen ya rage kamar santimita 15 zuwa 20. Jema tana haɗewa ta zama katanga mai tace ruwa, saiwarta ƙasa take nutsawa, ba ta bazuwa cikin gona. Bayanta a shuka gamba, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aiki a kanta, a bar ƙirikiri da sauran ciyawa masu rarrafe su rufe bakin ruwan. Lokacin dashe shi ne watan Yuni, da zarar damina ta zauna. A ganina bishiyar turare ba ta da gurbi a nan, domin shan ruwanta ya yi yawa kuma ciyawa ba ta yin kauri a ƙarƙashinta.

Abin da ya fi kashe wannan aiki shi ne ruwan da ya haɗu a hanya ɗaya. Idan kunyoyi suka miƙe suka fuskanci tafki, kowane kwari ya zama ɗan rafi, ruwan zai keta ciyawar ya wuce da lakarsa kamar ba a dasa komai ba. Don haka a gicciya kunyoyi wa gangare, sannan bayan kowane ruwa mai ƙarfi a zagaya a duba, duk inda aka ga ya fara ƙwaƙule hanya a jera duwatsu a ƙara dashen jema, domin ya shiga ciyawar a baje.

Sai kuma yanka. Takin da ciyawa ta zuƙa yana cikin jikinta, in aka bar ta ta ruɓe a wurin, ko aka cinna mata wuta da hunturu, tokar tana komawa cikin tafkin da ruwan farko. A riƙa yanke ta ana barin kamar kamu ɗaya a ƙasa, a kwashe ta gaba ɗaya: ɗanya ta tafi wurin tumaki, gambar da ta ƙosa kuma a yi zana da jinka da ita. Shanu su ma a ware musu mashaya guda, a shimfiɗa mata tsakuwa, a shinge sauran da ƙaya a shekarar farko kafin jemar ta kama ƙasa, domin kashin da suke bari a bakin ruwa shi ma taki ne.